Gutsuren da Baba Ya Zaɓa

Gidan Mato, ta Tajaye
18 ga Afrilu, 1993

Zuwa ga ƙanena Hamani,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina karatu, ina sanyin ƙasar Nasara? Mu nan zafi ya kai inda ya kai, amma jiki lafiya. Tarin Baba ya yi sauƙi. Maigidana Isufu yana Abijan har yanzu, ya ce in gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ba lakwal irin taka na yi ba, ta yaƙi da jahilci ce a gindin dogon yaro.

Hamani, ba daɗi ya sa ni ɗaukar biro ba. Rijiyar gari ta rufta. Ran Talata da ta wuce Barmo, aminin Baba, ya sauka ciki don ya yashe ta kamar yadda ya saba kowace bazara. Zobban siminti uku na can ƙasa sunka fashe, ƙasa ta biyo su. Sai bayan la'asar anka fiddo shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ka san Baba ne ya gina ta, shekara tara ke nan, bayan ya bar aiki masana'antar siminti ta Malbaza, da simintin da mutanen furoje, masu aikin taimako, sunka kawo. To, tun ba a share makoki ba magana ta tashi. Wai Baba ya saida rabin simintin, ya cika da yashi. Baba! Mutumin da ko goro ya tsinta a hanya sai ya yi cigiya. Ya ce musu ƙasa ce ta ci simintin, ya ga wani fari-fari a jikin zobban. Sunka yi mishi dariya, wai yaushe ƙasa ta yi haƙora. Na kai ma Mairo, matar Barmo, tuwo ran uku, ta maido mini da kwanon ko buɗe shi ba ta yi ba.

Maganar mutane ba ita ke cin Baba ba. Shekaranjiya na kai mishi fura, ya riƙe ludayin bai sha ba, ya ce: "Shatu, ko cokali guda ban ɗauka ba, Allah na gani. Amma in hannuna ne ya kuskure kwaɓi fa? In ni na kashe Barmo fa?"

Shekara huɗu kana can. Duk wanda ya tambaye ni mi kake karantawa, sai in ce siminti, su ce siminti ma har sai an je Faransa? To, ga ranarka ta zo, Malam Boko. In karatunka na iya gane abin da ya fasa rijiyar ga, ka gane muna. In ba ya iyawa ka faɗa mini, in san inda zan sa kaina.

Yayarka,
Shatu

Orleyan, Faransa
11 ga Mayu, 1993

Yaya Shatu,

Na gaishe ki, na gaida Baba. Ina lafiya, sai mura da ba ta rabuwa da ni. Wasiƙarki ta same ni ina tsaye, sai da na nemi wurin zama. Baba Barmo ne ya fara koya mini ɗaurin guga. Allah ya jiƙanshi, ya ba Inna Mairo haƙuri.

Kin tambaye ni ko karatuna zai iya. Bari in gaya miki abin da nike yi, don kar ki sa rai fiye da kima.

Duk abin da kike gani, dutse ko ruwa, ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya tana da cibiya. Wasu cibiyoyin suna da halin mayen ƙarfe. A inda nike aiki akwai na'ura mai ƙaton mayen ƙarfe, ta fi rumbun gidanmu tsawo. Muna niƙa abu ya zama gari, mu ɗura shi a ɗan bututu da bai kai ƙaramin yatsanki ba, mu kishingiɗa shi cikin na'urar, iska ta riƙa juya shi sau dubbai kafin ki ƙifta ido. Sai mu aika mishi da igiyar rediyo, cibiyoyin su amsa, kowane iri da muryarshi.

Aikina ni shi ne tsakanin iri da iri. Sai in taɓa cibiyoyin haidurojin, wato na ruwa, amma in kasa kunne wajen na silikon, wato na yashi, ko na alminiyam. In suna maƙwabtaka, abin da na ba wancan zai tsallaka ya iske wannan. In sun yi nisa da juna, shiru. Yawan kusancinsu, yawan ƙarfin amsar. Da haka nike sanin yadda ruwa ya zauna cikin siminti: ko zaman lafiya ya yi har ya ƙanƙare, ko kuwa wani abu ya shigo daga baya ya ɓata shi.

Maganar Baba ba abin dariya ba ce. Kin san farin dutsen nan mai ƙyalli da mata ke tonowa suna kaiwa Malbaza, wanda ake kira jips? In ruwan ƙasa ya ɗauko shi ya yi ta jiƙa siminti shekara da shekaru, yana iya kumbura shi har ya fashe. In haka ne, na'urar za ta nuna.

Ki aiko mini da gutsure daga zoben da ya fashe, daidai inda ya karye. Kamar goro ya isa. Kar ki wanke shi, kar ki shanya shi a rana, ki sa a gwangwani ki rufe. Sai dai ki sani, na'urar guda ce, mu kuwa mun fi ashirin, layi ake bi. Ki ce ma Baba ya ci abinci.

Ƙanenki,
Hamani

Gidan Mato
9 ga Yuni, 1993

Hamani,

Barka da Sallah. Muna lafiya, an yi ruwan shuka sau biyu. Baba bai je idi ba. Ya sa rigarshi, ya kai ƙofar gida, ya komo ya zauna. Ragon ma maƙwabci ne ya yanka muna.

Na karanta mishi wasiƙarka sau uku. Batun cibiyoyi ya wuce kaina, amma shi ya gane fiye da ni. Ya ce: "Ashe yaron ga ya san siminti na shan ruwa." Ranar ya ci tuwo har da ƙari.

Ga gutsuren nan cikin gwangwanin madara. Na ba Attahiru mai kamyo, babbar motar kayan nan, shi zai sa shi a gidan waya na Konni. In ka ba da amsa ka aiko ta akwatinshi na Malbaza kamar kullum. Mata yanzu sai tafki muke zuwa ɗibar ruwa, kuma in na iso sai hira ta mutu. Ka gaggauta, don Allah.

Shatu

Orleyan
14 ga Satumba, 1993

Yaya Shatu,

Gaisuwa gare ki da Baba. Ina lafiya. Ki gafarce ni, wata biyu na yi ina jiran layi, kuma gobe zan tafi wani taro, shi ya sa zan taƙaita.

Na auna. Kwana biyu na'urar ta yi tana tara amsa. Cibiyoyin silikon da na ruwa suna zaune yadda ya kamata, simintin ya kama sosai. Na saurari alminiyam, ban ji alamar ciwon jips ba. A gutsuren ga dai ƙasa ba ta ci komai ba.

Na so in ce miki wani abu daban, amma abin da na gani ke nan. Batun ko an rage siminti, na'urar ga ba ta iya faɗin wannan, ba aikinta ba ne.

Abu guda ya ɗaure mini kai. Gutsuren ya yi tauri ƙwarai, sai da na sha wuya kafin ya niƙu. Abin da ya rufta da kanshi bai kamata ya yi haka ba. Zan ƙara tunani in na komo.

Hamani

Gidan Mato
20 ga Oktoba, 1993

Hamani,

Lafiya muke, in ana kiran wannan lafiya. An yanke hatsi, ba laifi.

Ka kyauta. Wata huɗu muna zuba ido, ka aiko muna da rabin shafi kamar takardar likita. Ka manta garinku ne? Ka manta yadda ake karɓar wasiƙar waje a nan?

Duk gari an san an kai dutse Faransa. Attahiru ya iso da wasiƙarka ran Juma'a, ana fitowa masallaci, ya ɗaga ta sama yana murna, shi a zatonshi alheri ya kawo. Dattawa sunka ce tunda maganar rijiya ce, ta kowa ce, a karanta a nan. Anka kira Mushe, malamin lakwal, anka aika kiran Baba. Baba ya zo da sandarshi, fuska a sake, rabonshi da dandalin nan tun rasuwar Barmo. Ni ina bayan darni ina ji.

Mushe ya karanta: "ƙasa ba ta ci komai ba." Ya karanta: "batun ko an rage siminti, ba ta iya faɗin wannan." Ɗan'uwan Mairo ya miƙe ya ce: "To, kun ji. Ɗanshi na cikinshi ya kasa wanke shi." Wani ya ce ai an san aikin, a gyara inda ido ke gani, a cuci inda ba ya kaiwa. Sauran layukanka ba wanda ya saurara.

Baba ya miƙa hannu. Ya karɓi takardar, ya ninke ta, ya sa aljihu, ya tako gida. Da ya iso ya ɗauki cokalin gininshi da ma'aunin ruwa da igiyar awo, ya ɗaure su cikin buhu, ya tura ƙarƙashin gado. Akwai mai son ya yi mishi daɓe, ya aika a ce ya nemi wani.

Yanzu ya daina cewa ƙasa ce. Abin da yake cewa shi ne, Hamani ba ya ƙarya, injin Nasara ba ya ƙarya, saura ni. Yana rama ina kallo. Ina jin haushinka, Hamani, ba zan ɓoye maka ba. Kai kana can kana sauraren duwatsu, ni ke nan ina sauraren nishin tsoho.

Shatu

Orleyan
12 ga Nuwamba, 1993

Yaya Shatu,

Na gaishe ki. Ba ni da bakin kare kaina. Na rubuta kamar wanda ke ba malaminshi rahoto, na manta a gaban wa za a buɗe. Kwana uku ban iya shiga wurin aiki ba. Ki roƙar mini Baba gafara.

Amma ki tsaya ki amsa mini tambaya guda, don Allah kar ki yi fushi. Na'urar ba ta san rijiya ba, abin da anka ɗura mata kaɗai ta sani. Gutsuren da kika aiko, da hannunki kika ɗauke shi? Daga ina? Daga zoben da ya fashe, ko daga wani? Wane launi gare shi lokacin da kika ɗauka? Ki tuna da kyau. Komai ya rataya a nan.

Hamani

Gidan Mato
2 ga Janairu, 1994

Hamani ƙanena,

Gaisuwa. Wasiƙarka ta daɗe da zuwa, ni ce na kasa amsawa. Baba yana kwance yana tashi. Na kai shi likita Illela, sun ba shi ƙwayoyi, sun ce ƙirji ne. Ni na san ba ƙirji kaɗai ba ne.

Na zage ka wancan karo, alhali ina riƙe da abin da ban faɗa maka ba. Ga shi.

Na je bakin rijiya kamar yadda ka ce. Cikin tarkacen da anka fiddo ranar Barmo na ɗauki gutsure na zoben ƙasa. Fari-fari ne, yana marmashewa a hannu kamar busasshen tuwo. Na kawo gida ina neman gwangwani, Baba ya ce in nuna mishi. Ya juya shi a tafin hannu, ya ce: "Wanga za ki aika ƙasar mutane? Yarona ya buɗe gaban malamanshi, ya ce ga aikin ubana? A'a." Ya tashi da kanshi ya je da guduma, ya fasa gefen zoben sama, wanda bai taɓa ganin ruwa ba, ya kawo mai kyau, sumul. Ya ce ai duk kwaɓi guda ne, hannu guda. Ni ma na ga kamar haka ne. Kuma ka san ba a aika ma na nesa da abu marar kyau, ko barkono ne sai an zaɓa. Ban yi musu ba, kuma ban gaya maka ba, don kar in tona tsoho.

Da tambayarka ta zo na yi sati biyar ina juya ta. Jiya dai na durƙusa na karanta mishi. Can ya ce in jawo buhun kayan aikinshi. Hamani, ashe bai yar da gutsuren da na fara ɗaukowa ba. Yana nan cikin tsohon gwangwanin tumatir, ya toshe bakin da tsumma. Wata bakwai yana kwana bisa shi.

Ya cire hular kanshi ya naɗe gwangwanin, ya ce in rubuta maka wannan, kalma da kalma: "Na ji kunyar ɗana, na ɓata mishi aiki. Ga ruɓaɓɓen nan. Ya auna gaskiya, kar ya tausaya mini. In ni ne, ina so in sani tun ina da bakin roƙon Mairo gafara."

Hular taka ce, ya ce ka riƙe. Ka yi sauri. Ba irin saurin wancan karo ba, amma ka yi sauri.

Shatu

Orleyan
17 ga Maris, 1994

Zuwa ga mahaifina Malam Abarshi. A ba shi a hannunshi, shi zai buɗe.

Baba,

Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifi. Barka da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya ƙara maka lafiya. Ni lafiyata lau. Hularka ta iso, tana kaina yanzu da nike rubutu.

Na yi jinkiri don wani sashe na na'urar ya lalace, sai da anka yi sati biyar ana gyara. Da ta tashi, malamina ya ba ni kwana huɗun da anka ware ma aikin digirina, na sa gutsurenka.

Baba, ba kai ba ne.

Zan faɗa dalla-dalla, don duk wanda ya ji ya gane. Na taɓa cibiyoyin ruwa, na saurari na alminiyam. A gutsuren da anka fara aiko mini amsar kaɗan ce. A wannan kuwa, tun awa ta farko ta cika takarda. Alminiyam ɗin da ke cikin simintin ya kewaye kanshi da ruwa ta kowane gefe, kusa ƙwarai, irin zaman da ba ya yi da yawa haka sai jips ya shigo mishi. In sun haɗu sai su zama wasu ƙananan allurai farare, su yi ta girma cikin siminti suna tura shi daga ciki har ya tsage. Farin da ka gani ke nan. Ruwan da ke ƙarƙashin garinmu yana ratsa jips kafin ya iso rijiya. Shekara tara yana wannan aiki a inda ba mai gani.

Ban tsaya nan ba. Na kai sauran gutsuren wurin wata abokiyar aiki, ta narkar da shi, ta auna yashin da ya rage. Yashin bai wuce kima ba. Kwaɓinka daidai ne, Baba. Da ka ninka simintin ma, da wanga ruwa sai ya ci shi, sai dai ya ƙara ƴan shekaru. Akwai wani irin siminti da ake yi don irin wagga ƙasa, ba shi anka kawo maka ba, kuma ba wanda ya auna ruwan kafin a fara. Ba abin da ido ko hannun magini zai iya ganewa ba ne.

Ka ce ƙasa ce ta ci shi, anka yi maka dariya. Kai ke da gaskiya tun ranar farko. Ni na zo daga baya da na'ura na iske ka a wurin.

Na yi niyyar buga talgiram ran da na gama. Na fasa, don gajeriyar magana ita ta cuce mu wancan karo. Na gwammace in zauna in rubuta duka, da hannuna, da sa hannun malamina a takarda ta biyu. In ka karanta, kai ke da ikon kai ta dandali ko ka bar ta a aljihu. Abu guda nike roƙo: in za a gina sabuwar rijiya, a gaya musu batun ruwan.

Ka yafe mini wata shidan da na sa ka ciki. In Allah ya so ina nan tafe da damina.

Ɗanka,
Hamani

Gidan Mato
20 ga Afrilu, 1994

Hamani,

Ina gaishe ka. Ban san yadda ake fara irin wagga wasiƙa ba, a makarantarmu ba a koya muna ba.

Baba ya rasu ran Juma'a takwas ga wata, da hantsi. Allah ya jiƙanshi, ya sa ya huta. Bai sha wuya ba a ƙarshe. An yi mishi sutura kafin a shiga masallaci. Mutane sun zo, ba laifi, amma ba kamar yadda ya cancanta ba.

Wasiƙarka na buɗe ta ran uku. Na karanta ina zaune bisa buhun kayan aikinshi. Da na kai inda ka ce "Baba, ba kai ba ne," na yi ihun da ban yi ba ranar da anka fita da shi.

Ran bakwai, da anka taru addu'a, na aika ma Mushe da ita, na ce ya karanta a dandalin da ya karanta ta farko, da ƙarfi, har takardar malaminka. Ya karanta. An ce ba wanda ya ɗaga kai. Ɗan'uwan Mairo ya zo ƙofar gida ya tsaya, ya kasa shigowa, ya juya. Masu shirin sabuwar rijiya sun dakata, sun ce sai an auna ruwan. Wannan dai ka samu.

Mairo ta zo da kanta da marece. Ta ce in karanta mata, na karanta. Ta ce: "To ni yanzu wa zan ji ma haushi? Shekara guda da shi nike tashi, da shi nike kwana." Munka zauna munka yi kuka tare. Da za ta tafi ta ce in zuba mata tuwo.

Saura abin da ban gaya ma kowa ba. Kai kaɗai zan gaya ma, don kai ma ka ce ka ji tsoron talgiram.

Kar ka ce hanya ce ta yi nisa. Wasiƙarka ta riski Baba da rai. Attahiru ya kawo ta ran Laraba, wannan karo a ɓoye cikin riga, ya miƙa mini a bayan gida. Na ga ka rubuta a bayanta, a ba shi a hannunshi, shi zai buɗe. Ban buɗe ba, ba a buɗe ma uba wasiƙa. Amma ban ba shi ba.

Na ji ta da kauri. Na ce da alheri ne da ka taƙaita, wagga doguwa haka lallashi ne. Na tuna yadda ya komo daga dandali wancan karo. Ranar kuma jikin ya yi nauyi, ko kunu bai sha ba. Na ce bari ya ɗan samu ƙarfi, in ba shi ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in ya ci wani abu. Na sa ta cikin kwallata na rufe.

Tun da azumi ya wuce, kullum da safe in na kai mishi ruwan alwala tambayarshi guda ce. Ran Alhamis ya yi ta. Ran Juma'a ma ya yi ta, muryar da ƙyar take fita. Ya ce: "Shatu, Attahiru bai zo ba?"

Kwallar tana nan bayan kanshi, ko taku uku babu. Na gyara mishi matashi, na ce: "Bai zo ba, Baba."

Ya ce: "To, Allah ya kawo shi." Na fita dama kunu. Da na komo da kwanon ya riga ya tafi.

Ka zo da damina kamar yadda ka ce. Ka zo da hular. Ni zan kai ka inda yake, kai ka karanta mishi, don ni bakina ba zai iya ba.

Yayarka,
Shatu